Mukayyif na ƙin tashi a janareto, amma a wutar gwamnati lafiya lau

Mai shago, Fot Sudan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai gida biyu, na ciki da na waje, tan ɗaya da rabi, BTU 18,000, irin na da, ba mai inbata ba. Idan akwai wuta yana aiki garau. Da an ɗauke muka tada janareto na fetur mai kVA 3.5, fankar ciki takan juya, amma da kwamfuresa ta zo tashi sai janareto ya yi nishi, fitilu su dushe, na'urar waje ta yi gurnani kaɗan, sai a ji "ƙas", shiru. Janareton na bayan gida, wayar ta kai mita 25. Akwai firji a layin. Gas ne ya ƙare ko janareton ne ya yi kaɗan?

Mai gyaran sanyi, Kasala:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka bar maganar gas, tunda yana sanyi a wutar gwamnati. Matsalarka wutar tashi ce. Duba tambarin da ke jikin na'urar waje ko kwamfuresa, za ka ga LRA, wato abin da take zuƙa lokacin da take tsaye tana son motsawa. Irin naka yana cin amfiya 8 zuwa 9 yana aiki, amma a tashi yakan nemi 40 ko fiye. Janaretonka a bolt 230 amfiya 15 ne ƙarfinsa. Bolt ya faɗi, kwamfuresa ta kasa juyawa, wayoyinta suka yi zafi, makarin da ke kanta ya yanke. Shi ne "ƙas" ɗin. Kada ka yi ta maimaitawa, haka ake ƙona kwamfuresa.

Kafin ka kashe ko fam ɗaya, fara da kafasita, ɗan gwangwanin da ke cikin na'urar waje mai riƙe caji don taimaka wa kwamfuresa juyawa. Kashe wuta gaba ɗaya, sauke cajinta kafin a taɓa, a cire wayoyi a auna. Ta tan ɗaya da rabi yawanci 35 zuwa 45 µF ce, bolt 450. In ta ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari, ko kanta ya kumbura, a canza da mai lamba ɗaya. Zafin bakin teku yana cin su, kuma raunanniyar kafasita takan wuce a wutar gwamnati, sai a janareto asirinta ke tonuwa.

Sannan tsarin kunnawa: bar janareto ya yi minti biyu ba kaya, kashe maɓallin tattalin mai in yana da shi, cire firji, tada mukayyif shi kaɗai, sauran su biyo baya. Kuma a ba kwamfuresa minti uku zuwa biyar bayan ɗaukewar wuta, matsin gas ya daidaita.

Ɗan wayarin, Gadarif:
Duk abin da malam ya faɗa haka ne, amma mita 25 ɗin nan ne ya tsaya min. Wane kauri ne wayar? Wuta zuwa take ta dawo, tagulla mita 50 ke nan. In 1.5 mm ce, amfiya 40 za ta zubar da kusan bolt 24 a hanya kawai. Mai 2.5 kusan 15, mai 4 kusan 9. Ka sa mai 4, ka raba ta da waɗannan wayoyin naɗi na kasuwa masu kan roba. A kafa mita a bakin na'urar waje, wani ya kunna, a ga inda bolt ke sauka. In ya yi ƙasa da 190 ya zauna a can, ba za ta tashi ba.

A auna Hz ma, wato saurin bugun wutar a daƙiƙa. Wutar Sudan 50 ce, ta Saudiyya 60, kuma kaya na tsallako teku daga Jidda. Ƙaramin janareto mai 50 yana juyi 3,000 a minti, mai 60 kuwa 3,600. Kwamfuresar 50 a kan 60 tana gudu fiye da ƙima da kashi 20, ƙarfin tashinta kuma ya ragu. In janareton mai 50 ne, ba kaya ya nuna 51 zuwa 52. Idan yana zubewa ƙasa da 47 bai farfaɗo ba, a duba matatar iska da kafireto, ƙura ta gama da su. Kada a miƙa shi ƙarƙashin taga don a gajarta waya, hayaƙinsa kisa yake.

Mai shago, Fot Sudan:
Allah ya saka da alheri. An auna: janareto mai 50 ne, waya 2.5, kafasita an rubuta 45 tana ba da 36, bolt na sauka 170. Wani ya ce in ƙara kafasitar tashi, wadda ake haɗawa a kan ta asali.

Mai gyaran sanyi, Kasala:
36 a wurin 45 ta mutu, canza ta yau, da wayar. Ƙarin kafasitar tashi tana ba kwamfuresa ƙarfin juyi, ta gajarta lokacin tashi, kuma tana da araha, amma ba ta rage zuƙar farko sosai. A ƙaramin janareto wani lokaci ta yi, wani lokaci a'a. Abin da ke rage zuƙar da gaske shi ne na'urar tashi a hankali, wadda ke ɗaga bolt sannu sannu, tana iya sauke amfiya 40 zuwa ƙasa da 20. Ita zan zaɓa in ana samu. Ba a haɗa su biyun tare, kuma ba a sa ko ɗaya wa mukayyif mai inbata.

In ba ka son ko ɗaya, sai janareto mai kVA 6 zuwa sama. A wanke lagireton na'urar waje da ruwa marar ƙarfi, don gishiri da ƙura suna ɗaga matsi, wutar da take ci ta ƙaru.

Ɗan wayarin, Gadarif:
In kuma kana tunanin komawa sola, Alhaji, lissafin ɗaya ne. Wat 2,000 a batir mai bolt 24 ya haura amfiya 80 tun kafin a zo maganar tashi, don haka inbatar sola, mai mayar da wutar batir ta gida, takan yanke da ƙara. Sai tsarin bolt 48, inbata mai tsaftatacciyar wuta kW 5, ko ka sauya mukayyif zuwa mai inbata, wanda ke tashi da amfiya kaɗan ya hau a hankali. Shi kuma allon lantarkin da ke cikinsa ba ya jure janareton da bolt ɗinsa ke rawa, a sa masa makarin bolt mai jinkirin minti uku.