Namijin kifin jaguar na neman kashe min ta macen, ku taimaka da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina kiwon kifin jaguar. Guda 6 na saya ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, biyu suka ware da kansu suka haɗa kai, na bayar da huɗun. Ban taɓa ganin rigima ba sai kokawar baki da baki da suke yi gab da zuba ƙwai. Watan nan macen ta zuba ƙwai a kan faffaɗan dutse, kwana 3 suka ƙyanƙyashe, har yara nake kira su kalli yadda take yi musu fifita. Shekaranjiya na kwashe 'ya'yan kaf zuwa wani tanki. Yau da asuba na tarar da ita maƙale a kusurwar sama bayan hita (na'urar ɗumama ruwa), jela a yage, ko abinci ba ta kalla. Hankalina a tashe yake.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Kai ka jawo, Malam. Muddin akwai 'ya'ya, gadi ya haɗa su. Ka kwashe duka, shi yana son sabon ƙwai yau, ita jikinta bai shirya ba, sai duka. Ko ashirin ka bar musu da ba a kai nan ba. Lita nawa ne tankin?

Mai tambaya: Ai tsoro na ji kada su cinye su, an ce suna yi. Ni a ganina dabara na yi.

Uwar Oska: Allah sarki, ka tuna min da tawa. Mai sayarwa ya rantse min ma'aurata ne, ashe kifin oska ba a gane namiji da mace da ido kawai. Maza biyu na ciyar wata takwas. Da na koma sai ya ce wai ruwana ne ba kyau. Har yau abin yana cina.

Ɗan Koyo: Yaya, ka zuba musu wasu kifaye masu gudu, fushin namijin ya koma kansu. Ni ya yi min aiki.

Tsohon Hannu: A kan jaguar? Abinci ka kai masa. Mafarauci ne, a tafkunan ƙasar Nikaragua kifi yake ci. Yau ɗin nan ka raba tankin da shinge mai raga, mai kauri, don namiji yana ture na roba. Idan ta warke ka huda ƙofa daidai jikinta, wadda kansa ba zai shiga ba, ta riƙa shiga da fita yadda ta so. Ka sauke zafin ruwa daga digiri 28 zuwa 25, ka yawaita canjin ruwa saboda raunin. Wasu ma ba sa cire shingen har abada: ta zuba ƙwai kusa da raga, shi ya yi nasa daga ɗaya ɓangaren.

Ɗan Koyo: Ni dai na ji an ce in an raba su sun daɗe, haɗawar ta fi haɗari.

Mai tambaya: Shi ne abin da nake gudu. Kuma gaskiya shinge yana ɓata kyan tanki, a falo yake. Na sa mata tukunyar ƙasa ta ɓuya, bari in ga zuwa gobe. Ba mugu ba ne, ni na raine shi.

Tsohon Hannu: Tukunya mai baki ɗaya tarko ce, a ciki zai ritsa ta. Kuma har yanzu ba ka faɗi lita nawa ba ne.

Uwar Oska: Malam, ya ta kwana?