Waɗanda suka canza monita mai doro zuwa falat, ya kuka gani?

Abu Yasir, Sabil (Jidda):
Assalamu alaikum jama'a. Kwamfutar shagon kawuna har yanzu tsohuwar monita ce a kanta, mai doron nan inci 17, ta cinye rabin tebur kuma launinta ya fara rinewa ta gefe ɗaya, in ka daɗe kana kallo sai ido ya riƙa ruwa. Ina so in canza masa da falat amma ya ce sai na ji ta bakin waɗanda suka yi tukuna. Don Allah wanda ya taɓa canzawa ya faɗa mana yadda ta kaya da shi.

Mai gyara a Kandara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka je kasuwa ka leƙa bayan kwamfutar ka ga wane rami ne a wajen, nan ne mutane suka fi shan wahala wlh. Tsofaffin nan yawanci VGA ce kawai, mai shuɗin baki mai ramuka 15 da ake ɗaure ta da kusoshi biyu, su kuwa sababbin shasha, wato monita, da yawa HDMI ne da DisplayPort kaɗai. Ana yawan kawo min wannan matsalar, mutum ya saya ya kai gida waya ta ƙi shiga sai ya koma ya sayo adafta, ita ma ya sayo ta baibai, don mai kai HDMI zuwa VGA daban take da mai kai VGA zuwa HDMI, ta biyun ita ce taka kuma tana son wutarta ta USB. Ni a wajena sauƙin shi ne ka nemi shashar da ke da VGA ɗin a jikinta, suna nan da yawa har yanzu. Sannan VGA ba ta ɗaukar sauti, kar a ce maka akwai sifika a jiki ka zaci za ta yi magana ba tare da wata wayar ba.

Ummu Hanan, Shara Mansur (Makka):
Mu dai abin da muka fara ji a gida zafi ne ya ragu. Ɗakin ƙarami ne ga zafin Makka kun san shi, tsohuwar in ta wuni a kunne ka ɗora hannu a samanta sai ka janye, mukayyif (AC) na aiki amma lungun nan bai sanyi. Yanzu teburin har yara na rubutu a kai. Sai dai gaskiya ba ta da juriyar waccan, autana ya danna mata biro sai ga wani baƙin tabo ya zauna har yau, alhali waccan gilas ne mai kauri ko me suka yi mata ba ta ji. Kuma kar a fesa mata ruwan goge taga, ƙyalle mai laushi a ɗan jiƙa shi ya isa.

Bakano a Madina:
Ni ranar farko raina ɓaci ya yi. Na jona inci 22 sai rubutu ya fito dishi-dishi, fuskokin mutane duk sun yi faɗi, na ce ashe tsohuwar ta fi. Wani ɗan Pakistan maƙwabcinmu ne ya duba ya ce kwamfutar na nan kan 1024x768 na waccan, ita kuwa wannan 1920x1080 ce, kuma falat awo ɗaya ne nata, in ba shi ka sa ba ba za ta taɓa fita tar ba. Da muka shiga setin ma babu 1920 ɗin sai da ya sauke direban katin hoto, wato manhajarsa, ya danna maɓallin Auto na jikinta hoton ya zauna daidai. Yaya Abu Yasir ka sa wannan a ranka tunda ka ce kwamfutar ta tsufa.

Malam na Rusaifa:
Ni kam ban bi mai faɗin nan ba. Aikina karatu ne da rubuta takardu, shafi kuwa tsawo yake so ba faɗi ba. Na je Haraj Sawarikh, kasuwar kayan hannu ta Jidda, na samo ta hannu inci 19 mai kusan murabba'i, 1280x1024, irin waɗanda ofisoshi ke fitarwa, da VGA ɗinta, na jona kawai ta kama. In ta hannu za ka saya ka sa mai ita ya kunna a gabanka, ya buɗe farin shafi fes sannan baƙi, a nan ɗigon da ya mutu ke nuna kansa. Ka kuma matsa gefe ka kalla, wasu da ka ɗan karkata sai launin ya juye, irin da ake kira IPS ne ba sa haka. In kawun naka ya manyanta kar ka kai masa mai ƙananan rubutu ya zo yana ƙyafta ido, ko ka ƙara masa girman rubutun a setin.

Ɗan Gadarif a Riyad:
Allah ya saka Malam. Ni maganar wuta ce tawa, ƙanena a can gida Sudan da sola yake aiki, mai doron tana jan wat 70 zuwa sama, falat mai LED kuwa wajen 20 zuwa 30, da na aika masa batir ya koma kai shi dare. Ku ma na nan masu tsofaffin gidaje masu soket 110 da 220 ku karanta takardar bayanta, yawanci 100-240V ne a rubuce amma a duba dai.

Abu Yasir:
Jazakumullahu khairan. Na leƙa, shuɗiyar ce kaɗai a bayan, don haka irin ta Malam zan nema. Tsohuwar fa ya zan yi da ita? Yaran gida na cewa a ba su su kwance ta su cire jan ƙarfe.

Mai gyara a Kandara:
A'a kar ka bari ko kusa. Cikinta na riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare ta daga soket, gilas ɗin akwai dalma a ciki, kuma in ya fashe tarwatsewa yake. Ka ba masu sayen sikirab da ke zagayawa da mota yadda take a rufe, wajen ɗauka kuma ka rungumo ta gilas ɗin na ƙirjinka don nauyin duk a gaba yake.