Wane daji za mu kai Baba ya taka da ƙafarsa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Baba ya matsa sai an kai shi daji a hutun Disamba. Ba gidan namun daji na cikin gari yake so ba, ya ce itatuwa yake marmarin gani, irin waɗanda ya taso a cikinsu kafin masu gawayi su gama da na ƙauyenmu. Kuma da ƙafarsa yake son takawa, ba a zaunar da shi a mota ana nuna masa ta taga ba. Mu tara ne, huɗu yara, daga Kano za mu tashi. Maigidan ya ce in za a yi, a haɗa da inda akwai tsofaffin gine-gine. Ina kuka gani?

Ɗan Gwallaga: Wa'alaikumus salam. Dajin Yankari na jihar Bauchi. An gama magana.

Auta: Dajin Falgore fa, Anti? Ta fi kusa da ku.

Direban Zaure: Ni ratsa Falgore kawai nake yi in zan je Jos. Ba zan ce a shiga da tsoho da yara ba sai da wanda ya san ta ciki da bai.

Kawu na Fagge: Ɗan Gwallaga, ba a gama magana ba. Maman Biyu, ki saurare ni, don abin da ya same ni ba na so ya sami kowa.

Mu a Agusta muka je, tsakiyar damina. Na ɗauki shatar bas a tasha, direban ya rantse mini ya san hanya kamar tafin hannunsa. Daga Bauchi in ka kama hanyar Gombe, a Dindima ake karyawa. Mutumin nan ya wuce Dindima, ya wuce Alkaleri, sai da wani mai sayar da rake ya ce mana mun baro mararrabar tun tuni. Muka juyo. Ba mu isa ƙofar shiga ta Mainamaji ba sai bayan La'asar. Ni na zaci in an shiga ƙofa an iso. Ashe daga nan zuwa masaukin Wikki akwai fiye da kilomita 40, daji ne dama da hagu, babu gida babu mai faci. A tsakiyar nan taya ta fashe. Na ce a fito da safaya, direba ya sunkuyar da kai, wai ya ba wa ɗan'uwansa aro. Ga hadari ya haɗo, ga waya babu sabis, ga ƙaramar 'yata tana kuka don ta ji wani abu yana motsi a cikin ciyawa. Sai da Allah ya kawo wata mota da ke fitowa, suka taimaka mana. Har yau ina yi wa mutanen nan addu'a.

Washegari aka fita da mu kallon namun daji. Ciyawa ta fi tsayin mutum. Awa biyu muna zagaye, ban da gadu da birai babu abin da muka gani. Ƙudan tsando kuwa ya yi mana rubdugu. Ni da na sa shuɗiyar shadda mai duhu na fi kowa shan cizo, ta cikin rigar yake huda mutum, wuyana ya kwana uku a kumbure.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gwaggon biri. Uwargida ta ajiye leda a bakin ƙofar ɗaki ta juya ɗauko buta. Kafin ta waiwayo wani ƙato ya sure ta ya haye rufi. Burodi yake nema, amma maganinta na hawan jini yana ciki. Muna kallo ya yayyaga kwalin ya watsar. Dole muka katse tafiyar muka koma Bauchi neman kemis. In za ki kai tsoho mai shan magani, ki yi tunani sau biyu.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba, Kawu.

Auta: Kawu, ashe shaddar nan ta bikin Tiga ce ta jawo maka 😂

Kawu na Fagge: Auta, ka kiyaye ni.

Malam na Alkaleri: Kawu, ranka ya daɗe, sannu da wahala. Amma duk abin da ka lissafa, damina ce da direba. Mu da muke maƙwabtaka da dajin ba ma kai baƙo a Agusta. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ake zuwa. Lokacin ciyawa ta bushe, tafkunan cikin daji sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji ta sha ruwa. Nan za ka ga ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ga dorina da kada a ruwa. Giwa kuma sai rabo. Dajin murabba'in kilomita 2,244 ne, wani ya kwana uku bai gan ta ba, wani tun fitar farko garke ya tare masa hanya.

Maman Biyu, maganar Baba ce ta taɓa ni. Tun 1956 aka keɓe wurin, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, shi ya sa itatuwan da gatari ya cinye a wasu wurare suna nan a tsaye. Zai ga kawo, mai baƙar ƙwaya da jar hula, wanda Fulani ke sassaɓe wa shanu da rani. Zai ga marke da taura da kirya. A gefen kogi inda ƙasa ke da laima akwai maɗaci da maje manya-manya, waɗanda mutum biyu ba za su zagaye gindinsu da hannu ba, ƙaron majen yana tsattsafowa a jikin ɓawo, ka shinshina ka ji turaren gidan kakanni. Kuma kun dace da lokaci: a cikin hunturu maɗobiya take zubar da ganye ta yi fure rawaya, itacen gaba ɗaya kamar an kunna masa fitila. Wannan maɗobiyar ita aka yi ta sarewa ana lodawa a tirela zuwa ƙasar Sin, har ta yi wuyar gani a jihohi da yawa.

Sai dai a faɗi gaskiya: ba a barin mutum ya kutsa daji shi kaɗai da ƙafa, kuma daidai ne, wurin da akwai ɓauna ba wurin yawo ba ne. Da ɗan jagora ake fita. Ku gaya masa tun farko cewa tsoho itatuwa ya zo gani, ya san inda zai tsayar da mota a sauka a taka. Yawancinsu 'yan yankin ne, kowane itace sun san sunansa da maganin da yake yi.

Maman Biyu: Malam, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba, da ya ji kawo sai ya yi shiru, ya ce akwai wani a bakin gonar mahaifinsa.

Hajiya Babba: Fararen kaya ko masu ruwan ƙasa za ku sa, masu dogon hannu. Tsando baƙin kaya da shuɗi yake bi. Magani kuma a jakar da ke rataye a jiki, kada a haɗa shi da abinci. A riƙa kulle ƙofa da makulli, biran nan sun iya murɗa hannun ƙofa.

Ɗan Gwallaga: Duk kun manta da Wikki. Ruwan ɗumi ne yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, digiri 31 rani da damina, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Da asubar hunturu tururi yake yi. Yara ba za su yarda su fito ba.

Hajiya Babba: Matakalar sauka wurin tana da yawa fa. Yaya gwiwar Baba? Kuma wajen bakin dutsen akwai zurfi, a tsare yara a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Mata in kuna son sakewa ku je da sassafe kafin a cika.

Malamin Tarihi: In tafiyar ƙafa ake so, a roƙi jagora ya kai ku kogunan dutse na Marshall. Ana barin mota a ƙasa a hau da ƙafa. Ɗakuna ne 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ƙofar kowanne sai ka durƙusa, wasu da zane-zane a bango. Ana cewa mafaka ce ta zamanin farautar bayi. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey, guda 139, a haɗe suke ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin tanderun narka tama a Shau Shau. Wato dajin da muke gani babu kowa, a da garuruwa ne da maƙera.

Auta: To me ya sa ake kiran kogunan da sunan Bature alhali kakannin mutanen wurin ne suka haƙa?

Malamin Tarihi: Don shi ya kai rahotonsu a 1980. Ni ma abin yana damuna.

Ɗan Gwallaga: Da bai rubuta ba da wa zai sani? Mu da muke kusa me muka rubuta?

Auta: Mafarauta da makiyaya ba su san da su ba kafin ya zo? Rubutu daban, sani daban, Yaya.

Shugaban Zaure: A koma kan tambayar Maman Biyu don Allah. Kuma waɗanda ba su biya kuɗin asusu na watan jiya ba sun san kansu.

Malamin Tarihi: Gine-gine kuwa, Maman Biyu, a kan hanyarku suke. In kun biyo Birnin Kudu da Ningi, kafin ku shiga Bauchi za ku ratsa Kafin Madaki. Ku tsaya. A nan akwai gidan Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, kuma yana cikin gine-ginen farko da gwamnati ta sa a jerin kayan tarihin ƙasa, tun 1956. Ƙasa ce da azara kawai, babu siminti babu ƙarfe. In ka shiga soron ka ɗaga kai, bakan gizo ne suke tasowa daga bango su haɗu a sama, ga sanyi kamar an sa ka a randa ko da tsakar rana. Ku yi sallama a nemi izini, gidan sarauta ne, ba kasuwa ba. Maigidanki zai ji daɗi.

A cikin Bauchi kuma akwai ragowar ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye garin da ita bayan ya kafa shi a 1809, sunayen ƙofofin suna nan: Ran, Wunti, Nassarawa, Wambai, Jahun da sauransu. Sannan kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe ginin a 1979. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu, haske yana ɗan ratsowa, a yi ta hawa har a fito fili inda babu rufi, kabarin yana tsakiya, babu ado ko kaɗan. Na taɓa kai ɗalibai, masu surutun cikinsu ma sai da suka yi tsit. Akwai ɗakin da aka ajiye kayansa na amfanin yau da kullum, yara su ga yadda Firayim Minista ya rayu.

Bazazzagi: A rubuta a ajiye: Babban Gwani namu ne. Har unguwa gare shi a birnin Zariya. Kanawa sai dai ku zo kallo.

Kawu na Fagge: Bawa ba ya magana in iyayen gidansa suna zaune. Wa ya gina Gidan Makama?

Bazazzagi: Kawu, wanda biri ya ƙwace wa leda ba shi da bakin magana yau.

Hajiya Babba: Kanawa da Zagezagi, kun fara ko?

Bazazzagi: Wasa a gefe. Babban Gwani ne ya gina babban masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu. Tun da rufinsa ya rufta a 2023 ana sallar La'asar, duk ginin Babban Gwani da ya rage a tsaye nake cewa a je a gani da ido. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kawu na Fagge: Amin ya Allah.

Hajiya Babba: Amin.

'Yar Jos: Na shigo a makare. Anti, in takawa da ƙafa ce zalla, dajin Amurum da ke Laminga kusa da Jos ya fi sauƙi. Ƙarami ne, kadada wajen 300, duwatsu da kurmi a bakin rafi, da 'yan hanyoyin ƙafa da masu binciken tsuntsaye na Jami'ar Jos suke bi. Babu ɓauna babu giwa, sai tsuntsaye. Amma a nemi izininsu tukuna. A gidan tarihi na Jos kuma an gina kwaikwayon masallacin Zariyan nan da na ganuwar Kano. Sanyin Disamba ne kawai zan ji wa Baba.

Ɗan Gwallaga: Sanyin Jos da tsoho? A'a. Ga dajin Sumu ma kusa da Kafin Madaki, akwai raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Komai muna da shi.

Direban Zaure: Kowacce kuka zaɓa, a cika tanki a Bauchi, a duba safaya da jak da ido, kada a yarda da "akwai". A kira mutanen yankin a ji halin hanya kwana ɗaya kafin a tashi, kuma kada a yi dare. Maman Biyu, in mota ce matsala ki yi mini magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Direba, an hana talla a zaure.

Direban Zaure: Taimako ne, Shugaba.

Auta: Wai ni, tafiyar zaure da aka ce za a yi tun bara, ina aka kwana? Me zai hana mu bi su Anti kawai?

Hajiya Babba: In da mata a ciki a sa sunana.

Shugaban Zaure: Sai an biya asusu.

Maman Biyu: Malam na Alkaleri, Baba yana tambaya wai taura tana nuna a lokacin? Ya ce rabonsa da ya tsinka da hannunsa tun yana saurayi.

Malam na Alkaleri: Tana nuna, Hajiya. Amma a cikin gandun ba a tsinka, ba a fita da ko ƙirare. Ki gaya masa in kun fito ku biyo ta wajenmu, akwai guda biyu a gonar yayana, zan kai shi da kaina.