Abin da Aka Tattauna a Zaman Ƙungiyarmu a Gadarif, Sudan

Bayan la'asar muka zauna ƙarƙashin dogonyaro, ana zagayawa da shayi. Tambayar ɗaya ce: mu har yanzu ƙungiyar biki da jana'iza ce?

Dattawa suka ce tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman da mutanen birnin Wad Madani suka kwararo a Disamba, aikinmu ya koma dafa wa baƙi abinci, don haka a gyara takardar manufa. Wata inna mai tuƙa mana asida ta ce, "'Ya'yana, ku rubuta abin da tukunyarmu za ta iya, kada mu yi alkawarin magani." Ni dai a ganina ta fi kowa gaskiya.

Maganar Facebook ce ta ja zaman har magariba. Aka amince mutum ɗaya zai riƙa magana da yawunmu, da Hausa da Larabci. Ba siyasa, ba kuma hoton mai riƙe da kwano a layi. An taɓa sa na wani magidanci, bai ƙara zuwa ba.

Kuɗin da ke shigowa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kuwa, duk Juma'a za a karanto lissafinsu.