Hajiyarmu ta ƙi a sake yi mata gwajin allura a wuya, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, ku taimaka mini.

Hajiyarmu, shekararta 58, a Daura take. Tun bara wani ƙullutu ya fito mata a gaban wuya, in ta haɗiyi yawu sai ka ga ya yi sama ya dawo. Mun ɗauka maƙoƙo ne kawai. Gwajin jini na TSH, wato mai duba yadda thyroid (gaɓar da ke gaban wuya) ke aiki, ya fito lafiya, amma sikanin ya nuna ƙullutun ya kai santimita 2.5, wani ɓangarensa ruwa ne. Na kawo ta Katsina aka soka siririyar allura aka zuƙo kaɗan, ko minti 15 ba a yi ba.

Da sakamako ya fito, an rubuta Bethesda I, wato abin da aka ɗebo bai isa a gane komai ba. Likita ya ce sai an maimaita, wannan karon ana kallo ta na'urar sikanin.

Nan fa aka tsaya. Wata maƙwabciya ta ce mata allura na watsa ciwon daji, tun daga ranar Hajiya ta ce ko da wasa. Na rarrashe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, ka bar ni da addu'a." Wallahi barci ya gagare ni.

Shin maganar maƙwabciyar nan tana da tushe? Wata nawa za a iya jira ba tare da haɗari ba? Sannan tana shan asfirin kullum, sai ta dakata kafin a sake?