Na ci 243 a JAMB amma WAEC ta ba ni D7 a fizis, akwai sa ran zan samu injiniyarin a ABU?

Autan_Gwaggo:
Assalamu alaikum yayyena da iyayena na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema don wallahi kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Bana na gama SS3 a nan Kano, JAMB na ci 243, na cike ABU Zariya zaɓin farko kwas ɗin injiniyan kwamfuta, to sai ga WAEC ta fito lissafi B2, kimistiri B3, Turanci C6, bayoloji C4, amma fizis D7, kuma ba wai ban yi karatu ba ne, tun muna SS2 malaminmu na fizis ya bar makarantar ba a kawo wani ba sai ɗan bautar ƙasa da ya yi mana wata biyar ya tafi, firaktikal kuwa sau biyu na taɓa riƙe kayan kafin ranar jarrabawa. NECO dai ba ta fito ba tukuna. Baba ya ce in canja in dawo BUK tunda ga ta a gida, ni kuma raina na Samaru, inda ABU take. Sannan akwai wani abokina da yake ta zuga ni wai in nemi jami'ar MIT ta Amurka tunda ina da kan lissafi. Ku gaya min gaskiya komai ɗacinta, ina na tsaya?

Injiniya_Samaru:
Wa alaikassalam ƙanina. Tunda gaskiya ka nema, to ka manta da 243 ɗin nan tukuna, D7 ɗin ita ce ƙashin da ya tsaya maka a wuya. Duk jami'ar da za ka je injiniyarin a ƙasar nan sai da kiredit biyar, ciki dole akwai Turanci, lissafi, fizis da kimistiri, kuma kiredit daga C6 ya fara zuwa sama, D7 fas ce kawai, ko 300 ka ci a JAMB ba wanda zai kalle ka da ita. Sa'arka ɗaya ka zana NECO, idan fizis ya fito da C6 ko sama sai ka haɗa da WAEC ya zama zama biyu, ko ma idan NECO ɗin ta yi kyau gaba ɗaya ka ajiye WAEC a akwati ka yi amfani da ita kaɗai.

Sai maganar maki. Mutane na ruɗa kansu da katof ɗin da jami'a ke sanarwa, wato mafi ƙarancin makin da take karɓa, wannan fa na shiga ɗakin Post-UTME ne kawai, wato jarrabawar tantancewa da jami'a ke yi bayan JAMB, kamar a ce an bar ka ka shiga layin tuwo, ba a ce tukunyar za ta kai kanka ba. Kowane dipatmen da nasa ma'aunin gwargwadon yawan masu nema da yawan kujerun da yake da su, kuma kwamfuta da lantarki da sibil da kemikal nan ne kowa ke turmutsutsu. 243 ba maki ne na wasa ba amma kuma ba wanda za ka miƙe ƙafa ba ne a kwamfuta, za ka tarar da yara masu 270, 280 a gabanka, abin da zai ɗaga ka shi ne Post-UTME don ana haɗa shi da na JAMB, saboda haka ka koma kan littafi yau ɗin nan, musamman fizis ɗin da ya kā da kai.

Kuma ka sani jami'o'in tarayya kashi uku suke raba gurbi: 45 cikin ɗari cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka ce an bar su a baya a boko. Kano tana cikin na ƙarshen nan, kuma yankin ABU ne, to kana da ƙofa fiye da ɗaya. Amma kar ka yi murna da yawa, ƴan Kano da ke neman ABU ba kaɗan ba ne, da ƴan uwanka za ka yi kokawa.

Abin da ni zan yi da ni ne kai, in leƙa kwasa-kwasan da mutane ke rainawa. Akwai injiniyan ƙarafa, akwai na albarkatun ruwa da muhalli, akwai na noma, duk shekara biyar ne, duk injiniya za a kira ka, 100 lebul da yawancin 200 kusan darasi ɗaya kuke yi da sauran. Ni na ruwa na karanta, lokacin abokai na tsokanata wai mai gyaran famfo, yau aikin rijiyoyin burtsatse da madatsun ruwa ke ci da ni da iyalina alhamdulillah.

Maman_Ilham:
Ɗana ni ba injiniya ba ce amma na yi wannan faman da yarana biyu, bari in faɗa maka inda aka cuce mu. Babban nawa 261 ya ci, komai nasa lafiya, muka zauna jiran adimishan har lis na ɗaya da na biyu suka wuce shiru, ashe mai kafen da muka ba aiki bai ɗora rizal ɗinsa na sakandare a CAPS ba, wato shafin JAMB na intanet da ake ba da adimishan ta cikinsa, ya karɓi kuɗi ya ce an gama, mu kuma ba mu duba ba. Sai da wani malami ya buɗe mana a wayarsa muka ga wajen rizal fayau ba komai. Shekara guda ta tafi a banza, ga shi makin JAMB ba ya kwana, shekararsa ɗaya, sai da ya sake zanawa. To ranar da NECO ta fito kar ka aiki kowa, ka taka da ƙafarka cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita a ɗora a gabanka, ka fito ka buɗe da kanka ka gani da idonka.

Batun BUK kuma kar ka ga kamar Babanka na tauye ka ne, shi lissafin kuɗin hostel da abinci da na mota yake yi, kai kana lissafin suna. In dai za ka koma to sai ka mai da ita zaɓin farko tun kafin su rufe rajistar tantancewa, manyan jami'o'in nan ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu.

Dan_Kadpoly:
Hhhh MIT wai. Abokin nan naka ya iya zuga. Ba wai haramun ba ne fa, suna ɗaukar ƴan Najeriya kuma idan suka ɗauke ka ba ka da hali su ke ɗaukar nauyin abin da gidanku ba za su iya ba, amma cikin mutum ɗari da suka nema ko biyar ba sa ɗauka, kuma su ba ruwansu da JAMB, jarrabawar SAT ko ACT suke so da wasiƙun malamanka da abin da ka taɓa ƙerawa ko gasar da ka ci, ga shi farkon Janairu suke rufewa. Mai D7 a fizis ya fara kashe wutar da ke gabansa malam. In da gaske kake son waje ka je ka ji bayanin EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, suna Abuja da Legas, ko ka duba tallafin gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa a Janairu.

Ni abin da nake so ka ji shi ne ko an rufe ƙofar gaba akwai ta baya. Sau biyu ina JAMB ban samu ba, na haƙura na yi ND, wato difloma, a lantarki, na fito da sakamako mai kyau na sayi fom ɗin DE, wato Direct Entry, na shiga jami'a 200 lebul kai tsaye, kuma wallahi ranar da aka shiga wokshop waɗanda suka shigo ta JAMB mu suke leƙe don mu mun riga mun saba da waya da mita. Akwai kuma IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, darasi uku ne kusan shekara guda, ABU ce ma ke kula da ita, ga makarantarsu ta share fage a Funtuwa. Sai dai duk ta inda ka bi kiredit ɗin fizis ɗin nan na nan na jiranka, in NECO ta ƙi sai ka yi ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Kar kuma ka manta da ATBU Bauchi da FUT Minna da ta Wudil da aka sa wa sunan Ɗangote, duk na kimiyya da fasaha ne.

Injiniya_Samaru:
Na manta abu ɗaya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya a ciki ka guje shi, adimishan da bai fito a CAPS ba iska ne, sai ka gama shekara biyar a zo bautar ƙasa a ce JAMB ba ta san da kai ba. Kuma ka riƙa leƙa CAPS ɗin a kai a kai, wani lokaci jami'a na tura ka wani kwas ɗin daban sai ka danna ka amince kafin a ba ka, yara da yawa ba sa gani har lokaci ya wuce.

Autan_Gwaggo:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Mama Allah ya raya su Ilham. Na karanta wa Baba duka da daddare, ya yi dariya a wajen mai gyaran famfo, ya ce a jira NECO, in fizis ya fito ya yarda in ci gaba da neman ABU amma in sauka daga kwamfuta, in bai fito ba IJMB zan yi. Yaya injiniya tsakanin na ruwa da na ƙarafa wanne ya fi lissafi? Don ni nan ne ƙarfina, zane ne ban iya ba ko kaɗan.

Injiniya_Samaru:
Duk biyun za ka sha lissafi har ka ce ya isa. Zane kuwa ba inda za ka gudar masa, kowane injiniya sai ya rungumi allo da tisikwaya, rular nan mai siffar T, ka fara koyon fiƙe fensir tun yanzu.