Desimal: wane suna za mu ba ta da Hausa?

1/ 'Yan uwa malaman lissafi, ina neman shawararku a kan kalma ɗaya. Ina koyar da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma makon nan muka shiga jera lambobin desimal daga ƙarama zuwa babba. Na rubuta 0.5 da 0.45 a allo, na ce wacce ta fi? Kusan duk ajin suka zaɓi 0.45. Na tambayi wata yarinya dalili, ta ce, "Malam, ai arba'in da biyar ta fi biyar."

2/ Ban ga laifinta ba, abin da ta ji a bakinmu ta maimaita. Mu ne muke karanta 0.45 da "sifili da ɗigo arba'in da biyar". Yaron da ya ji arba'in da biyar, yaya za a yi ya yarda biyar ta fi ta?

3/ Da na fara tambayar sunan da za mu ba desimal da Hausa, da yawa sun ce a bar ta a "lambar ɗigo", tunda kowa ya saba. Ni ban gamsu ba. Ɗigo sunan alamar ne kawai, bai gaya wa yaro komai a kan girman lambar ba. Sannan 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram waƙafi suke sawa, irin tsarin Faransa, su rubuta 0,45. Wani ya kawo "gutsure". Kalma ce mai daɗi, amma sulusi ma gutsure ne, ba ta ware mana na goma-goma ba.

4/ Asalin desimal daga Latin ne, ma'anarta "na goma". Larabawa ma daga ushuri suka gina tasu. To mu ai muna da ita tun tuni, ba yau muka aro ba. Duk wanda ya zauna wajen rabon gado ya ji sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni. Duk manomi ya san ushuri, ɗaya bisa goma.

Ku dubi zakkar hatsi. Gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushuri, dami ɗaya cikin goma, wato 0.1. Wadda aka wahala da ban ruwa ana fitar da rabin ushuri, ɗaya cikin ashirin, wato 0.05. Yaron da ke kallon biyar da ɗaya zai ce 0.05 ta fi. Amma ka tambaye shi wa ya fi fitar da zakka, mai noman damina ko mai noman rani da inji, amsar tana gidansu. Da na kai misalin nan aji, yarinyar nan ce ta fara cewa, "Ashe a 0.05 gidan ushuri babu kowa." Abin da nake so kalmar ta yi ke nan, ta tura idon yaro gidan farko bayan ɗigo kafin ya dubi tsawon lambar.

5/ Wata malama ta ce in aka furta kalmar da "ushiri" za ta rikice da "ashirin" a kunnen yara. Maganarta gaskiya ce, musamman in aka ce "ushirin". Shi ya sa na fi son mu tsaya a kan lafazin ushuri.

6/ Gida na biyu shi ne ushurin ushuri, ɗaya bisa ɗari. Iyayenmu sun san wannan da kuɗi. Da aka kawo naira a 1973, sule goma ya zama naira ɗaya, kwabo ɗari ma naira ɗaya. Ke nan 0.5 sule biyar ne, 0.45 kuwa sule huɗu da kwabo biyar, babu dattijon da zai ruɗe. Sai dai yaranmu ba su taɓa sayen komai da kwabo ba, don haka misali ne na tallafi, ba suna ba. Gida na uku kada mu wahalar da harshe, a ce ɗaya bisa dubu.

7/ Ga inda na tsaya. Desimal ita ce lambar ushuri. Ɗigo ko waƙafin da ke tsakiya, alamar ushuri, don ta ɗauki Kano da Damagaram gaba ɗaya. Wajen karatu kuma a kira lambobin bayan alamar ɗai-ɗai: sifili, ɗigo, huɗu, biyar. Kalmar Turancin za ta zauna a gefen allo, domin da ita jarrabawa ke zuwa.

8/ Ina roƙon duk mai aji ya gwada ranar Litinin. Ka rubuta 0.5, 0.45, 0.405 da 0.09, ka ce su dubi gidan ushuri tukuna, in an yi kunnen doki su matsa gida na gaba. Jerin daidai shi ne 0.09, 0.405, 0.45, 0.5. Ku gaya mana yara nawa suka samu, da kuma yadda "ushurin ushuri" ya zauna a bakinsu, don a kansa ne har yanzu nake son jin ta bakinku.